Asabar a Lambun Abba

Wata daga cikinku ta rubuto min tana cewa, "Auta, ke da gidanku yake da lambu irin wannan, me kuma kike nema a duniya?" Hoton da na taɓa sakawa ta gani, wanda fitilu suke rataye a jikin mangwaro, kujeru a jere kan ciyawa. 'Yar'uwa, ban ji haushinki ba. Ni ma da a hoto na san wurin nan, abin da zan faɗa ke nan. Amma ni ce mai share shi, ni ce mai jera kujerun, ni ce kuma mai kwashe su. Ku gyara zama in ba ku labarin yadda lambun nan ya cinye min shekara, da abin da ya faru a cikinsa kwanan nan.

Abbanmu injiniyan ruwa ne da ya yi ritaya. Lambun bayan gidanmu da hannunsa ya yi shi tun ina ƙarama. Ya binne bututu a ƙasa, ya shuka ciyawa, ya dasa mangwaro da gwaba da lemon tsami, ya yi daɓen siminti a tsakiya, ya gina dakali a gindin katanga. Tun da na yi wayo nake ganin abokansa suna taruwa a wurin duk Asabar da yamma. Lokacin zafi a jiƙa ƙasa da tiyo tun da rana, a fito da fankoki masu tsayi, a yanka kankana. In damina ta sauka a ɗaura tamfol tsakanin mangwaro da katanga, suna hira ruwa yana dukan saman kansu. Da sanyi kuma a hura gawayi a kasko, kowa da bargo a kafaɗa, ana gasa nama ana musun ƙwallo. Muryar Abba ce take danne ta kowa. In ya yi dariya har a titi ana ji.

Bara, ana tsakiyar zafi, ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, maganarsa ta koma guntu-guntu, sai wanda ya saba da ita yake ganewa. Mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni da Yaya. Shi ɗan kwangila ne, yana can wani gefen gari da matarsa da yaransa. Ni kuma ina aiki a wani kantin magani, shekaruna sun doshi talatin, ban yi aure ba. A barandar asibiti Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Auta, ki ɗauki hutu zuwa ya ɗan warware." Hutun ne nake ciki har yau.

Asabar ɗin farko bayan an sallamo shi, Umma ta leƙo ɗakina da safe.

"Ki fito da kujeru. Ki jiƙa ƙasar da wuri."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Umma, waɗanne kujeru? Abba ko zama ba ya iyawa sai an tokare shi da filo."

"Sai a tokare shi. Ranar da mutane suka zo suka tarar da lambun nan ba kujera, ranar za a fara cewa Injiniya ya ƙare. Ba zan bari a yi min zaman makokinsa yana numfashi ba."

Don Allah kar ku zagi Ummata. Son sa take yi, irin son da ba ya tsayawa ya tambayi wanda ake so me yake so.

Ga yadda Asabar ɗina take. Da safe in share ganyen mangwaro, in kwashe ruɓaɓɓiyar gwabar da jemagu suka zubar, in wanke kujerun roba, in goge kofuna da tire. Bayan azahar ni da Umma mu yi wa Abba wanka, mu sa masa farar riga mai dogon hannu da farin wando da suka sha guga, a taje gemu, a fesa turare. Hannun da ya mutu Umma takan ɗora shi a kan cinyarsa ta rufe da ɗan ƙaramin mayafi, sannan ta juya keken yadda ɓangaren fuskarsa mai lafiya ne zai kalli baƙi. Ni kuma wurina yana bayan keken, kan wata 'yar kujera, da hankici a hannu. In yawu ya zubo, in yi kamar ina gyara masa wuyan riga in goge. In ya ƙwanƙwasa hannun keken da yatsa, fitsari yake ji, sai in ce, "Lokacin maganin Abba ya yi," in tura shi ciki. A asibiti sun ba mu ƙunzugun manya, yana sawa sauran ranaku, amma ban da Asabar. Umma ta ce yana yin tudu a ƙarƙashin wando, kuma yana ƙara in ya motsa. "Mijina ba jariri ba ne a gaban mutane."

Da farko abokan nasa sun zo kamar da. Sai dai hirar ta ƙi tafiya. Su yi magana su juyo suna jiran dariyarsa, sai su ji shiru, ko wani sauti da ba su san yadda za su amsa shi ba. Wannan ya ce gwiwa ta hana shi fita, wancan ya koma wurin 'ya'yansa. Kafin damina ta yi nisa, wanda ba ya fashi mutum ɗaya ne, Baba Lauya, wani siririn tsoho mai sanda da suka taso tare da Abba. Shi ba ya jiran amsa. Zai buɗe jarida ya karanta masa, ya yi musu shi kaɗai, ya ce, "Na san abin da za ka ce, Injiniya, kuma ba ka da gaskiya."

Kujerun da suka rasa masu zama, Yaya ne ya cika su. Yau walimar yaransa sun gama jarrabawa, gobe ƙawayen matarsa, jibi abokan harkarsa. "Muna da lambu a gidanmu, me za mu je yi a otal?" Kuma duk wanda ya zo sai an kai shi ya gaishe da Abba an ɗauki hoto. A hotunan, in kun lura da kyau, za ku ga gefen gyalena a bayan keken.

A cikin daminar ne Likita ya fara zuwa. Asibiti suka turo shi, mai gashin jiki ne, irin waɗanda suke motsa wa masu shanyewar jiki gaɓoɓi suna koya musu tsayuwa. Na ce masa Likita, ya ce shi ba likita ba ne, amma sunan ya bi shi. Gara in faɗa muku tun yanzu, ba irin kyawawan nan ba ne da kuke so a labari. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gashin gabansa ya fara ja da baya, kullum cikin shuɗiyar riga mai gajeren hannu da takalmin roba saboda taɓo. Amma yakan durƙusa ya yi wa Abba magana ido cikin ido, kuma yakan jira har Abba ya gama haɗa kalmarsa, komai daɗewar da za ta yi.

Shi ya ce a riƙa fito da Abba lambu a ranakun da ba kowa. Abba ya dafa dakali da hannunsa mai lafiya, ni in riƙe ƙugunsa ta baya, Likita yana gaba yana matsa masa ƙafa. A nan na fara sanin wurin yana da daɗi in babu kujeru.

Wata rana ya ɗago ya kalle ni ina haki.

"Yadda kike ɗaga shi ɗin nan da bayanki, nan gaba kaɗan ke ma wurina za a kawo ki."

"To ai ka samu kasuwa."

"Ba irin kasuwar da nake so da ke ba ke nan."

Saura kaɗan in saki Abba. Shi kuwa Abba wani sauti ya yi a maƙogwaro, kafaɗarsa tana rawa. Dariya ce. Rabon da in ji ta tun kafin ya faɗi.

Daga nan saƙonni suka fara. Duk Asabar bayan an watse, ina tsaye a kan tarin kofuna, sai wayata ta yi motsi.

"Kin ci abinci, ko baƙi kawai kika ciyar?"

"Na ci."

"Me kika ci?"

"Ragowar kankana."

"Zan kai ƙararki wurin Injiniya."

Ku da kuke da masu tambayarku ko kun ci abinci, ba za ku gane abin da wannan ya yi min ba. Ni a gidanmu tambayar da ake min ita ce ko na ba Abba.

Da sanyi ya shigo ne ya faɗa min. Ya tsaya bayan aikinsa ya taya ni ɗora kujeru kan juna, gawayin kasko ya kusa mutuwa, ina cikin wata tsohuwar rigar sanyin Abba da ta yi min yawa, hannuna duk toka. Ya ce, "Auta, ni ba yaro ba ne, ke ma haka. Aurenki nake so in yi. Wa zan gani?"

Na samu Umma a ɗakinta tana ninke kayan Abba. Ita ce fa kafin ciwon nan ta hana ni sakat da zancen in fito da miji, har kuka take yi in an kawo mata katin auren 'yar wata. Ta saurare ni ba ta daina ninkin ba.

"Yaron kirki ne," ta ce. "Amma ki bari Abbanki ya miƙe."

"Umma, in bai miƙe ba fa?"

Ta kalle ni kamar na zage shi. Ta ɗauki waya ta kira Yaya.

Da ya zo, ko zama bai yi ba, yana tsaye a falo yana kaɗa makullin mota.

"Ke Auta, auren guduwa zai yi? Wa zai riƙe gidan nan in kin tafi?"

"Yaya, Anti matarka fa? Ko ranar Asabar ɗin kawai ta riƙa zuwa."

"Surukinta ne. Ita za ta yi masa wanka? Ki riƙa tunani kafin ki yi magana."

"To a ɗauki mai jinya."

"Bare ya ga tsiraicin mahaifinmu muna raye? Ba da ni ba."

Muna raye, in ji shi. Yaya bai taɓa sanin inda muke ajiye bokitin wankan Abba ba.

Na faɗa wa Likita sun ce a ɗan dakata. Ya ce zai dakata. Sanyi ya wuce, muka mayar da kasko sito, muka fito da fankoki. Shekara ta zagayo.

Asabar ɗin da nake son ba ku labarinta, Yaya ya gayyaci manyan ma'aikatar da Abba ya yi aiki. Yawancinsu a ƙarƙashin Abba suka taso, yanzu su ne masu sa hannu a kan ayyukan da Yaya yake nema. Tun tsakiyar mako ake shiri. Aka kawo kujeru masu riga, aka ƙara fitilu, aka ɗauko mai gasa nama. Umma ta fito da sabon yadi fari tas da ba a taɓa sa wa Abba ba. Ni ma aka ce in sa abin kirki, na sa doguwar riga ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, da gyale baƙi, da 'yan kunnen da Likita ya taɓa cewa suna yi min kyau.

Ranar an yi zafi irin wanda ganye ba ya motsi. Aka ajiye keken Abba a tsakiyar daɓen siminti, baƙi suka kewaye shi. Kowa ya zo sai ya rusuna, "Ranka ya daɗe, ka gane ni?" sannan ya miƙa masa lemo mai sanyi da hannunsa don a gani. Na raɗa wa ɗaya cewa ya isa haka, Yaya ya harare ni. Abba ya sha, ya sake sha.

Sai wayata ta yi motsi a cinyata.

"Ina bakin ƙofa. Ba zan shigo ba. Ki ba ni ɗan lokaci, magana ce da ba ta waya ba."

Tunda aka fara zaman nan ban taɓa tashi daga bayan keken ba. Na duba Abba, yana lafiya, Baba Lauya yana gefensa amma an ja shi da hira. Umma tana kicin da Anti. Na taɓa Yaya.

"Yaya, zan je ƙofa in dawo yanzu. In ka ga Abba yana ƙwanƙwasa hannun keken, ka tura shi ciki da sauri."

"To, to," ya ce, idonsa yana kan wani mai babban ciki da yake ba da labari.

Likita yana tsaye a inuwar katanga kusa da babur ɗinsa. Bai yi min wasan da ya saba ba.

"An canza min wurin aiki," ya ce. "Wani asibiti ne a gari mai nisa, kwana ake yi a hanya. Ƙarshen wata zan tafi."

Na jingina da ƙofa.

"Ba rabuwa na zo yi ba, Auta. So nake a yi magana kafin in tafi, in san matsayina. Akwai wani abokin aikina, mutum mai tsabta da haƙuri, zai iya kula da Injiniya, ni zan nuna masa komai da kaina. Ke kuma duk lokacin da kika so zuwa, ni zan kawo ki."

"Ba za su yarda ba."

"Ke kin yarda?"

Ban kai ga amsawa ba na lura da wani abu. Hayaniyar lambun ta ɗauke. Dariya, ƙarar kofuna, duk sun tsaya, sai kukan fankoki kawai. Na juya da gudu, gyalena ya maƙale a ƙofa na bar shi a nan.

Abba yana inda na bar shi. Farin wandon ya jiƙe tun daga cinya har ƙasa, ya manne masa a jiki. Ruwan ya gangaro ta ƙarƙashin keken, ya bi busasshen siminti, ya tafi siriri har gaban takalmin mai babban cikin nan, shi kuma ya ɗage ƙafafunsa sama yana kallon wani wuri. Wasu sun sunkuyar da kai cikin wayoyinsu. Yaya yana tsaye da kofi a hannu kamar an dasa shi. Baba Lauya ne kaɗai ya miƙe, yana ƙoƙarin cire rigarsa ta sama ya rufa masa.

Yatsan Abba kuwa har lokacin yana ƙwanƙwasa hannun keken. Bai daina ba. Idonsa a rufe, hawaye yana bin ɓangaren fuskar da Umma take juyawa wajen baƙi.

Likita ya biyo ni. Shi ya kama keken ya juya shi, ya ce da mutanen, "Ku yi haƙuri, a ba mu hanya," muka shige ciki.

Baƙin ba su jira nama ba. Kafin in gama wanke Abba in canza masa kaya, lambun ya zama ba kowa. Na fito na tarar da Umma da Yaya a falo, Likita yana tsaye a bakin ƙofa.

"Malam," Yaya ya ce masa, "mun gode da aikinka. Daga yau ya isa. Za mu nemi wani."

"Yallaɓai, ni na kira ta. In laifi ne nawa ne."

"Na sani. Shi ya sa."

Likita ya kalle ni, na girgiza masa kai don kar ya ƙara magana. Ya rusuna ya yi wa Umma sallama, ba ta amsa ba, ya fita.

"Yaya, na faɗa maka fa," na ce. "Na ce in ya ƙwanƙwasa—"

"Ni aikina ne? Ina tare da mutane. Kin san abin da kika jawo min yau?"

Shi aka jawo wa, kun ji.

Umma ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Tana zaune da jiƙaƙƙen wandon a cikin roba a gabanta, ta ce, "Zuwa bakin ƙofa kawai kika yi, Auta. Bakin ƙofa. Kin ga abin da ya faru. To ina ga kin tafi wani gari?"

Na ɗauki robar na fita da ita.

Makon nan gaba ɗaya Abba bai yarda ya haɗa ido da ni ba. In na kawo abinci ya kau da kai, sai na yi ta lallashi ya karɓi cokali kaɗan. Wanda aka ce za a nemo a madadin Likita ba a nemo ba, ƙafar da ta fara ɗan takawa ta koma ta sandare. Saƙonnin Likita suna shigowa, ina karantawa ina kifa wayar.

"Yaya jikin Injiniya? Ki riƙa miƙe masa yatsun ko ba na nan."

"Auta, ko kalma ɗaya."

"Ba zan matsa miki ba. In kin ce in jira, zan jira a can. In kin ce in haƙura, zan yi ƙoƙari. Amma ke nake so ki faɗa, ba Yayanki ba."

Jiya Asabar ta sake zagayowa. Na ɗauka ko Umma za ta bar wannan ta wuce. Da safe sai ga ta a ƙofar ɗakina.

"Ki fito da kujeru."

"Umma, wa zai zo?"

"Ko ba wanda zai zo. In muka fasa yau, mun tabbatar musu da abin da suka gani."

Na share, na jiƙa ƙasa, na goge simintin da na riga na wanke da sabulu ba adadi. Muka yi masa wanka muka shirya shi, wannan karon cikin yadi mai duhu. Na turo keken ta baranda. Muna isa ƙofar da take fita lambu, Abba ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kama ƙarfen ƙofar. Na ɗan tura, keken ya ƙi gaba. Jijiyoyin hannunsa duk sun tashi.

"A'a," ya ce. Wannan ko baƙo zai gane ta.

"Haba Injiniya," Umma ta ce a hankali, tana ƙoƙarin ɓamɓare yatsunsa. "Iska kawai za ka sha. Auta, tura."

Ban tura ba. Na ja keken baya, na juya shi, na mayar da shi ɗaki. Umma ta bi ni da ido, sannan ta fita lambun ita kaɗai, cikin leshinta da sarƙarta, ta zauna a kujerar gaba tana kallon ƙofar shigowa. Ta daɗe a haka kafin ta tashi ta shige ɗakinta ta rufe.

Mutum ɗaya ne ya zo. Na ji ƙarar sandarsa a kan siminti, na fita na tarar da Baba Lauya a tsaye a tsakiyar kujerun da ba kowa, da jaridarsa a hammata.

"Bai fito ba?"

"Ya ƙi, Baba."

"Ya yi daidai. Da ni ne da tuni na ƙi." Ya zauna a kan dakali ya nuna min gefensa. "Zauna, 'yata. Yaron nan da ya tura keken ranar, naki ne?"

Na sunkuyar da kai. Ban san lokacin da na faɗa masa komai ba, har da tafiyar ƙarshen wata, har da abin da Umma ta ce. Ya saurara yana juya sandarsa.

"Yayanki ba shi ne ubanki ba," ya ce. "Ubanki yana da rai, yana da hankalinsa, bakinsa ne kawai ya yi nauyi. Ni kuma tare muka yi wasan ƙasa da shi, ina da bakin da zan yi magana a gidan nan. Ki ce wa yaron ya zo ya same ni gobe. Uwarki ki bar ni da ita. Amma ki shiga ki faɗa wa Injiniya da kanki. Kar ya ji a bakin wani."

Na shiga da wani sauƙi a ƙirjina da na manta yadda yake. Abba yana kwance ya juya wa taga baya. Rana ta yi sanyi, ana jin tsuntsaye suna komawa kan mangwaro. Na durƙusa a gaban gadon yadda Likita yake yi, na kama hannun da ya mutu ina miƙe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, na fara magana. Na ce Likita yana so na, ni ma ina son sa. Na ce an mayar da shi gari mai nisa. Na ce akwai wanda zai kula da shi, mutumin kirki, kuma zan riƙa zuwa. Na ce in bai yarda ba, ba inda za ni.

A karon farko tun ranar, ya kalle ni. Ya daɗe yana kallona. Sannan bakinsa ya fara motsi, na jira har ya haɗa kalmar.

"Je... ki," ya ce. Ya haɗiyi yawu. "Je ki... Auta."

Na kifa kaina a gefen katifa ina kuka ina yi masa godiya. Da na natsu na yunƙura zan tashi in kira Likita, sai na ji ba zan iya ba. Hannunsa mai lafiya yana riƙe da tsintsiyar hannuna. Ban san lokacin da ya kama ni ba. Riƙo ne irin wanda ya yi wa ƙarfen ƙofa, har yatsuna sun fara yin sanyi.

"Abba," na ce, "ka ce in je."

Ya gyaɗa kai. Hawaye yana gangara masa cikin kunne. Ya sake gyaɗa kai, da ƙarfi, kamar yana faɗa da wani. Amma yatsun ba su saki ba, sai ma ƙara matsewa da suka yi.

A aljihun rigata wayata ta fara ruri. Na san mai kiran. Aljihun yana ɓangaren hannun da Abba ya riƙe, na tsaya a durƙushe ina jin ta tana rawa a jikina, ta katse, ta sake farawa.